Tsibirin Saint Helena da giɓin kasafin da ya ƙi cikewa

A tsakiyar Tekun Atlantika ta kudu, kusan kilomita 1,900 daga gaɓar Afirka, akwai tsibirin Saint Helena, inda Turawan Ingila suka tsare Napoleon daga 1815 har ya mutu a 1821. Har yau yana ƙarƙashin Birtaniya. Mutanensa ba su kai 4,500 ba, kuma harajin da gwamnatinsu ke tarawa ba ya biyan ko rabin abin da take kashewa. Landan ce ke cike giɓin, da tallafin da ya haura fam miliyan 30 a shekara a 'yan shekarun nan.

Wani zai ce almubazzaranci ne ko lalaci. Ni dai ina ganin lissafi ne ya ƙi. Asibiti, makaranta, kotu, 'yan sanda, wutar lantarki, duk sai an tanade su, ko mutum dubu huɗu ne a gari ko dubu ɗari huɗu. Mara lafiyar da ya fi ƙarfin asibitin tsibirin sai an kai shi Afirka ta Kudu. Ga shi matasa, waɗanda su ne masu biyan haraji, suna ficewa neman aiki a tsibiran Ascension da Falkland da kuma Ingila, su bar tsofaffi masu buƙatar magani da fansho.

Da can akwai abin yi. Jiragen ruwa masu zuwa Indiya kan yada zango a nan, sai buɗe mashigin Suwez a 1869 ya karkatar da su. Daga baya aka dogara da wata shuka mai kama da rama, wadda ake yin igiya da ita. Ita ma ta faɗi a tsakiyar shekarun 1960, da hukumar gidan waya ta Birtaniya, mai sayen igiyar, ta koma amfani da zaren roba.

Tallafin kuwa ba a banza yake zuwa ba. Jami'an Landan na bin diddigin kasafin kafin su saki kuɗi, cin bashi sai da yardarsu, kuma fam ɗin tsibirin a ɗaure yake da na Ingila, daraja ɗaya, don haka babu batun buga kuɗi a toshe rami. Tun 2021 tsibirin yana da nasa ministoci, amma mulkin wanda ba ya riƙe da lalita, ai da sauran magana.

Birtaniya ta gwada yanke wahalar gaba ɗaya: ta kashe kusan fam miliyan 285 ta gina filin jirgin sama, da fatan 'yan yawon buɗe ido su riƙe tsibirin. A 2016 aka gano cewa iskar wurin na juyawa ba zato, har manyan jirage ba sa iya sauka lafiya. Sai a Oktoban 2017 ƙaramin jirgi ya fara jigila daga Johannesburg. Baƙi sun zo, amma ba su kai yadda aka yi hasashe ba, kuma kula da filin kansa ya zama wani sabon nauyi da Landan ke ɗauka.