Aikin Gwiwa: A Hannun Wa Likitan Ya Koya?

Da wuya a sami zuri'ar da ba ta san ciwon gwiwa ba. Mun saba ganin dattawanmu suna jawo kujera cikin sahu saboda sujada ta gagare su, kuma idan hali ya samu sai ƴaƴa su haɗa kuɗi su kai su Tunis, Alƙahira ko Indiya a yi masu aiki. Kafin a tashi akan binciki kuɗin jirgi da masauki da sunan asibiti. Tambayar da ba mu cika jin an yi ba ita ce ta wanda zai riƙe wuƙar: a ina ya koyi aikin gwiwa, kuma a hannun wa?

Likitan ƙashi ba ƙaramin karatu ya yi ba. A Amurka, bayan makarantar likitanci, yana shekara 5 yana koyon aikin ƙashi baki ɗaya, daga karaya zuwa ƙugu da kafaɗa da gadon baya. Daga nan wasu kan ƙara shekara 1 a gaban gwanaye, su duƙufa a kan fanni guda, kamar ɗalibin da ya sauke littattafai sannan ya koma ya zauna gaban malamin da ya shahara a ɗaya daga ciki.

Ta wannan hanya ilimin gwiwa ya yaɗu. A 1964 Robert Jackson, likita ɗan Kanada, ya je Tokiyo ya zauna da Masaki Watanabe, wanda ya ƙware wajen leƙa cikin gwiwa da siririn madubi ta ƙaramar kafa. Jackson ya koma gida da wannan fasaha, daga hannunsa kuma likitoci masu yawa suka ɗauka. A Faransa, birnin Liyon ya yi suna da Albert Trillat da ɗalibinsa Henri Dejour.

Me ya sa gwiwa take bukatar wannan ƙarin zama? Wajen sauya ta, ana sassaƙe bakin ƙashin cinya da na ƙwauri, a sa masu ƙarfe, a shimfiɗa roba mai tauri a tsakani. Karkacewa kaɗan tana iya sa ƙarfen ya kwance da wuri. Jijiyoyin da ke riƙe gaɓar kuwa, idan an bar su sun yi tauri ƙafa ba za ta lanƙwasu ba, idan sun saki sai ta riƙa rawa, kuma hannu ne ke gane tsakaitawa bayan ya maimaita aikin sau da yawa. Idan aiki ya yi kyau yana daɗewa: wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kimanin kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya suna nan bayan shekara 25. Wanda ya lalace kuwa, gyaransa ya fi na farko wuya da tsada.

A ganinmu, mafi girman amfanin ƙwarewa shi ne sanin inda ba a sa wuƙa. Tun 2002 wani gwaji a Amurka ya nuna wanke gwiwar da ta zaizaye ta hanyar madubi bai ƙara wa marasa lafiya sauƙi ba. Ƙwararre zai fara da rage ƙiba, motsa jiki da magani. Zai kuma faɗi gaskiya tun kafin aiki: tafiya tana bukatar gwiwa ta lanƙwasu kusan digiri 65, zaman tahiya ya kai 150, gwiwar ƙarfe kuwa galibi tana tsayawa wajen 120. Ciwo zai ragu ƙwarai, amma mai yiwuwa kujerar ta ci gaba da zama a sahu.

Ba rashin ladabi ba ne iyali su tambayi likita gwiwa nawa yake sauyawa a shekara, da wanda zai duba majinyaci idan ya dawo gida, domin motsa gaɓar bayan aiki yana ɗaukar watanni.