Hannun jarin Apple: mai haƙurin ajiya da mai sayen safe ya sayar da yamma

Tun da dandalin zuba kuɗi ta waya na CBEX ya rufe da kuɗin mutane a watan Afrilun 2025, gardama ba ta ƙare ba a majalisun matasa daga Tambuwal har Kebbe. Wasu sun rantse cewa duk abin da ake zuba wa kuɗi ta waya damfara ne. Wasu kuma sun koma manhajojin sayen hannun jarin Amurka irin su Bamboo, suna nuna wa abokai hoton ribar da suka ci a Apple cikin kwana biyu, suna cewa ai wannan kamfani ne na gaske. Na gaske ne, babu ja. Abin da ke damuna shi ne yadda ake kiran sayen safe a sayar da yamma da sunan zuba jari.

Apple ya fara ƙera kwamfuta a 1976, ya shiga kasuwar hannun jari a Disambar 1980 a kan dala 22. An yi ta rarraba hannun jarinsa har sau biyar, na ƙarshe a 2020, ta yadda mai guda ɗaya tun farko yau 224 gare shi. Wannan ɓangaren labarin kowa na son ji. Ba a cika faɗin abin da mai riƙon ya haɗiye ba. A 1997 kamfanin ya kai gargara, sai da Microsoft ya zuba masa dala miliyan 150. A Satumbar 2000 farashin ya zube da kusan rabi a yini guda, a 2008 kuma ya sake rasa fiye da rabi. Wanda ya jure duk wannan shi ya ga ranar da darajar kamfanin ta kai dala tiriliyan ɗaya a 2018.

Manomin albasa na fadamunmu ya san wannan karatu ba tare da allo ba. Lokacin cira kasuwa ta cika, buhu ya yi arha, sai ya jera tasa a rudu ya jira watanni. Yana zagayawa yana tsince ruɓaɓɓu, bai damu da farashin kowace ranar kasuwa ba. A gefe kuma ga mai saye da hantsi ya sayar kafin la'asar. Ran da ya dace ya samu, amma kowane juyi sai ya biya la'ada da dako da kuɗin mota, kuma yana gogayya ne da manyan dillalai da suka riga shi jin farashin Legas da Onicha. A kasuwar hannun jari waɗannan dillalan kamfanoni ne masu na'urorin da ke saye da sayarwa kafin ƙiftawar ido, yaronmu kuwa yana ɗaga waya sama yana neman sabis.

Masana biyu, Barber da Odean, sun bi diddigin gidaje fiye da dubu 66 a Amurka daga 1991 zuwa 1996. Waɗanda suka fi yawan juya jarinsu sun samu kashi 11.4 cikin ɗari a shekara, alhali kasuwar ta ba da 17.9. A Brazil, cikin masu cinikin yini da suka dage fiye da kwana 300, kashi 97 cikin ɗari asara suka tafka. Mai asara ba ya yaɗa hoton asusunsa, shi ya sa na masu riba kaɗai ke yawo a WhatsApp.

Kada kuma a ɗauka jira kaɗai ya isa, domin albasa takan ruɓe a rudu. Commodore, wanda ya yi tashe da kwamfuta, ya durƙushe a 1994, Compaq kuma HP ya haɗiye shi a 2002. Apple muke tunawa saboda shi ya rayu. Mai tara dukiyarsa kacokan a kamfani ɗaya ya ɗauki kasada, ko da shekara ashirin zai jira.

Akwai wani ruɗin da ya shafe mu kai tsaye. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a farkon 2024 ta haura 1,500. Duk mai kadarar dala ya ga kuɗinsa sun ninka a lissafin naira, ko da hannun jarin bai motsa ba. Da yawa sun ɗauka gwanintarsu ce, alhali faɗuwar naira ce. Mafi muni shi ne masu cin bashi su yi ciniki da shi. Ban da matsalar kuɗin ruwa da malamai ke gargaɗi a kai, irin wannan bashi ne ya tsiyata iyalai da dama lokacin da kasuwar hannun jarin Najeriya ta rushe a 2008.

Dokar zuba jari ta 2025 ta ƙara wa SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jarin Najeriya, ƙarfin hukunta 'yan damfara, kuma ana iya duba ko kamfani yana da rajista da ita kafin a tura masa ko sisi. Sai dai yawancin gargaɗinta da Turanci yake fita daga Abuja. Matashin Kuchi da ke shirin sayar da ragon mahaifiyarsa ya saka a manhaja ya cancanci jin wannan bayani da Hausa, a gidan rediyon Rima, tun ragon yana turke.