Tashar Morden: Yadda Ƙarshen Layin Dogo Ya Haifi Gari



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne tashar Morden, watau inda jirgin ƙarƙashin ƙasa na Layin Arewa yake tuƙewa a kudancin Landan. Duk cikin tashoshin wannan jirgi babu wadda ta kai ta nisa wajen kudu. Nufina in nuna cewa amfanin tashar ƙarshen layi bai tsaya ga jirgin kaɗai ba, ya rataya ne a kan abin da fasinja zai hau in ya fito.

An buɗe tashar ran 13 ga Satumba, 1926, bayan an ja layin daga Clapham Common, tafiyar wajen mil 5. A wannan zamani Morden ƙauye ne, gonaki sun kewaye shi. To, me ya sa aka tsaya a nan? Dalili shi ne jayayya. Kamfanin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya so ya zarce har garin Sutton, amma kamfanin Southern Railway, mai jiragen saman ƙasa a wannan yanki, ya ƙi, domin tsoron kada a kwashe masa fasinja. Aka yi sulhu a kan cewa layin ya tsaya a Morden, shi kuwa Southern Railway ya shimfiɗa nasa dogon daga Wimbledon zuwa Sutton.

Da aka hana kamfanin kai jirgi, sai ya kai mota. Maginin tashar, Charles Holden, ya bar fili a bakin ƙofa inda motocin safa za su tsaya, yadda mutum na fitowa sai ya hau, ba wata doguwar tafiya. Daga wannan fili motoci suka riƙa fita zuwa Sutton da Cheam da Mitcham da sauran garuruwan kewaye, suna kwaso mutane da safe, suna mayar da su da yamma. Ta haka fasinjan da aka yi jayayya dominsu suka zo Morden da ƙafarsu. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, amma nan jama'a na ƙaruwa, motoci na ƙaruwa.

Sakamakon bai daɗe ba ya bayyana. A ƙidayar 1921 mutanen Morden ba su kai 1,500 ba. A ta 1931 sun haura 12,000. Har ila yau, tsakanin 1928 da 1936 hukumar birnin Landan ta gina unguwar St Helier kusa da nan, mai gidaje wajen 9,000, domin ma'aikatan da cunkoso ya dama a tsakiyar birni. Ba don akwai hanyar zuwa wurin aiki da sauƙi ba, da ba wanda zai yarda ya koma can.

Yau ma haka abin yake. Motar safa mai lamba 93 tana ratsa Morden tsakanin Putney da North Cheam. Tashar Morden South ta jirgin saman ƙasa tana nan kurkusa. Tun shekarar 2000 kuma akwai taragun lantarki masu bin titi tsakanin Wimbledon da Croydon, waɗanda ake iya cim musu da ƙafa ta cikin lambun Morden Hall. Sa'an nan katin Oyster, wanda aka fito da shi a 2003, ya sa da kati guda mutum zai biya kuɗin jirgi da mota da tarago.

Saboda haka ku ɗalibai, da ku ma'aikatan da tsara birane ke hannunku, in an kawo muku taswirar sabuwar tasha, kafin ku duba kyan gini ku tambaya: wanda ya sauka a nan, me zai kai shi ƙofar gidansa, nawa zai biya, kuma minti nawa zai jira? In ba amsa, to, aikin da saura.