Rumbun Mai a Tsakiyar Teku

Duk manomin Gedambaliya ya san injin girbi: ya yanka dawa, ya sussuke, ya riƙe ta a cikinsa har mota ta zo ta kwasa. To, mai karatu, masu haƙar man fetur a teku su ma suna da irinsa, sai dai nasu jirgin ruwa ne da ake kira FPSO. Akan girke shi bisa rijiyoyin da ke ƙarƙashin ruwa, ya zuƙo ɗanyen mai, ya raba shi da ruwa da iskar gas, ya adana har jirgin dako ya zo ya ɗauka.

Tsadar bututu ce ta haifar da wannan dabara. Kafin Sudan ta soma sayar da mai a waje a 1999, sai da aka shimfiɗa bututu na fiye da kilomita 1,500 daga Hijlij zuwa tashar Basha'ir kusa da Bur Sudan. A ƙarƙashin teku mai zurfi kuwa, irin wannan aiki ya fi tsada nesa. Kamfanin Shell ne ya fara gwada jirgin a gaɓar Sifen a 1977. A Nijeriya, jirgin Bonga ya soma aiki a 2005, kilomita 120 daga gaɓa. An gina shi don ganga 225,000 a rana, cikinsa kuma yana ɗaukar ganga miliyan 2.

Hanyoyi biyu injiniyoyi ke bi don rage kuɗi. Ta farko, su sayi tsohon jirgin dakon mai su ɗora masa injuna. Ta biyu, su ƙera gangar jikin jirage iri ɗaya tun kafin mai saye ya zo, kamar tela mai yanka riguna da awo guda. Haka kamfanin SBM na ƙasar Holan ya gina Liza Unity, wanda ya fara aiki a Guyana a 2022.

Amma fa araha ba ta ado. Misali yana nan kusa da mu a Bahar Maliya. Jirgin Safer, tsohon jirgin dako ne na 1976 da aka mayar ma'ajin mai zalla, aka girke shi a Ras Isa ta Yaman a 1988. Da yaƙi ya tsananta a 2015 sai gyara ya tsaya, tsatsa ta yi ta cin sa alhali yana ɗauke da ganga fiye da miliyan 1. Sai a Agustan 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kammala juye man a wani jirgi. Da ya fashe, da masunta sun shiga uku, a tekun da alhazanmu ke ƙetarewa daga Sawakin zuwa Jidda.

Wanda ya taɓa sayen tsohuwar tarakta ya san zancen: kuɗin saye sau ɗaya ake biya, na gyara kuwa kowace damina. Saboda haka ranar da aka zo mana da maganar haƙar mai a tekunmu, tambayar farko ita ce: wa zai ɗauki nauyin kula da jirgin, kuma har shekara nawa? Allah ya kiyaye mana ruwanmu.