Efesus: Birnin da teku ya janye ya bari

Duk mai yawon buɗe idon da ya hau saman babban dandalin wasanni na Efesus, a yammacin Turkiyya, zai hangi wani faffaɗan titi na fararen duwatsu ya miƙa yamma.

A zamanin Rumawa, tashar jiragen ruwa titin yake kaiwa. Yau kuwa cikin fadama yake ƙarewa, kuma sai an yi tafiyar kimanin kilomita 5 kafin a iske teku.

Kogin da ake kira Kucuk Menderes ne ya yi ta kwaso laka yana jibgewa a bakin tashar. Mahukunta sun sha yashe ta, amma lakar ta fi ƙarfinsu.

Da jirage suka daina zuwa, sai ciniki ya mutu, sauro ya yi yawa, jama'a suka koma kan tudun da garin Selcuk yake a yanzu.

Wannan ƙaura ce ta ceci kufan, domin ba a gina wani sabon birni a kansa ba. Tun 1895 masana daga Ostiriya suke tono a wurin.

Ginin da ya fi jan hankali shi ne ɗakin karatu na Celsus, na ƙarni na 2 Miladiyya, wanda aka ƙiyasta ya ɗauki naɗaɗɗun littattafai 12,000. Sai dai fuskarsa da baƙi ke rububin ɗauka a hoto ta daɗe da rushewa. Tsakanin 1970 da 1978 aka tattara duwatsunta aka sake tayar da ita.

Shi kuwa dandalin wasannin yana cin mutane kimanin 25,000. A nan ne, in ji Littafi Mai Tsarki na Kirista, wanda ke kiran birnin Afisa, maƙeran azurfa suka tayar da tarzoma kan wa'azin Bulus.

Wanda ya je neman haikalin Artemis, ɗaya daga cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya, zai sha mamaki. Ginshiƙi ɗaya tak ke tsaye, shi ma harhaɗa shi aka yi, kuma shamuwa kan yi sheƙa a kansa.

Kusa da kufan akwai kogon da ake dangantawa da As'habul Kahfi, kodayake akwai wasu wuraren, kamar Jodan da garin Tarsus, da su ma ke cewa nasu ne na ainihi.

A kan wani tsauni kuma akwai ɗan gidan da wasu suka yi imani Nana Maryam ta zauna a ciki. Musulmi da Kirista duk suna ziyartarsa, kuma Fafaroma Benedict ya je a 2006.

A Selcuk, masallacin Isa Bey na 1375 yana tsaye a kan ginshiƙan da aka ɗauko daga kufan.

A 2015 ne hukumar UNESCO ta sanya Efesus cikin wuraren tarihi na duniya.