Gonakin da aka gudu aka bari: Abin da tauraron ɗan'adam ke hangowa daga sama

A wasu ƙauyukan Borno da Zamfara da tsakiyar Mali, an yi shekaru malamin gona bai taka ƙafarsa ba. Hanya ba ta biyuwa, kuma babu hukumar da za ta tura ma'aikacinta ya je ƙirga gonaki a inda ake sace mutane. Sai dai duk ƙarshen damina dole a amsa tambaya guda: nawa aka noma, kuma su wa yunwa za ta fi kamawa kafin wata kakar?

Wani ɓangare na amsar yanzu daga sararin samaniya yake zuwa.

Taurarin ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Turai ta fara harbawa a 2015, suna kewaya duniya daga nisan kusan kilomita 786. Duk bayan kwana biyar sukan sake ɗaukar hoton wuri guda. Kowane ɗigo a hoton yana wakiltar fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, wato gona mai hekta ɗaya takan fito a ɗigo 100. Ba za a ga manomi ko fartanyarsa ba, amma za a ga gonar. Kuma hotunan kyauta ne ga duk mai intanet.

Yadda ake gane gona

Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske, sannan ya mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani amma na'urar tauraron tana kamawa. Idan shuka ta ji ƙishi ko ta kamu da cuta, wannan hasken sai ya ragu. Da bambancin nan ake auna ƙarfin tsiro.

To amma ciyawa ma kore ce, ta yaya za a bambanta ta da gero? A nan lokaci ne ke tona asiri. Gonar da aka noma takan kasance a share a farkon damina, ta cika da kore a tsakiya, sannan ta koma fili bayan girbi. Saura kuwa tun ruwan farko take rufewa da ciyawa, babu layin kunya, babu iyaka. Idan aka jera hotunan waɗannan lokuta uku, aka kwatanta da na shekarun da ake zaman lafiya, gonar da aka bari takan fito fili.

Da wannan dabara Hukumar Samar da Abinci ta Duniya, WFP, ta bi ƙauyukan yankin Mopti na Mali a 2019, daga baya aka faɗaɗa aikin zuwa wasu ƙasashen Sahel har da arewacin Najeriya. Abin da aka riƙa gani yana da ban tausayi: ƙauyen da a da gonakinsa suka miƙa nesa cikin daji, yanzu noman ya takure a ɗan zagayen da ke bayan gari, iya inda mutum zai iya rugawa gida idan ya ji ƙarar babura. Wasu ƙauyukan ma babu ko kunya ɗaya.

Wanda ya tuna abin da ya faru a Zabarmari a Nuwamban 2020, lokacin da aka yi wa aƙalla manoman shinkafa 43 yankan rago suna tsaka da girbi, ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalilin wannan takurewa.

Sakamakon irin wannan nazari yana shiga rahoton Cadre Harmonisé, wanda gwamnatocin Afirka ta Yamma da ƙungiyoyin agaji ke haɗuwa su fitar sau biyu a shekara, kuma da shi ake tsara inda tallafin abinci zai nufa. Ƙauyen da ba a samu bayaninsa ba, cikin sauƙi ake mantawa da shi wajen rabo.

Aikin dai ba baƙo ba ne a yankinmu. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya ɗaiɗaita Sahel, ta daɗe tana bibiyar damina da makiyaya da hotunan sama. Najeriya ma ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, tun 2003.

Abin da tauraro ba ya gani

Matsala ta farko hadari ne. Watan Agusta, lokacin da aka fi son ganin shuka, shi ne lokacin da gajimare ya fi rufe ƙasa. Akan cike giɓin da taurarin Sentinel-1 masu amfani da radar, wadda ke ratsa gajimare, sai dai fassara hotunanta ya fi wuya.

Ta biyu ita ce yadda muke noma. Manomin Amurka yakan shuka masara zalla a fili mai faɗin gaske. Namu kuwa gero da dawa da wake ne a ƙaramar gona guda, ga kuka ga ɗorawa a tsakiya, duk su cakuɗe a ɗigo ɗaya. Gawo ma sai ya ƙara rikita lissafi, domin shi da damina yake zubar da ganye, ya yi kore da rani.

Babbar matsalar kuma ba ta na'ura ba ce. Kore ba hatsi ba ne. Hoto zai nuna gona ta yi kyau a Zamfara, amma ba zai nuna harajin da mai ita ya biya 'yan bindiga kafin su bar shi ya shuka ba, ko wanda za su sake nema kafin ya girbe. Ba zai nuna ko damman da aka ɗaure sun isa rumbu ba. Shi ya sa masu wannan aiki ke haɗa hotunan da kiran waya zuwa ga mutanen gari, da hira da 'yan gudun hijira, da kuma farashin kwanon gero a kasuwar da ta fi kusa.