Makarantar gwamnati ko ta kuɗi: Zaɓin da ke jiran iyayen da suka koma Ingila da 'ya'yansu

A Kano, Kaduna ko Abuja, da wuya ka samu likita, ma'aikacin banki ko malamin jami'a da ɗansa ke firamaren gwamnati. Da zarar albashi ya ɗan yi kauri, abu na farko da magidanci ke yi shi ne ya kai yara makarantar kuɗi, ko da kuwa sai ya shiga adashi kafin ya biya kuɗin zango. Ajin da ba kujeru, rufin da ke yoyo da yajin aikin malamai sun koya wa mutane cewa ilimi mai kyau sayensa ake yi.

Da wannan tunanin iyalai da dama ke sauka a Landan, Manchester ko Birmingham, inda aikin asibiti, karatun digiri na uku ko wani aikin ya kai su. Sai su tarar da cewa kiɗa ya sauya. A can, kusan yaro 93 cikin 100 makarantar gwamnati yake zuwa, har da 'ya'yan likitoci, lauyoyi da 'yan majalisa da yawa. Waɗanda ke makarantun kuɗi ba su wuce kashi 7 cikin 100 ba.

To mene ne ya kamata mai iyali ya sani kafin ya yanke shawara? Bayanan da ke tafe sun shafi yankin Ingila ne, domin Scotland, Wales da Arewacin Ireland kowanne yana da nasa tsarin.

Suna ma yana rikita baƙo

Bature ɗan Ingila idan ya ce "public school", ba makarantar gwamnati yake nufi ba. Yana nufin tsofaffin makarantun kuɗi na 'ya'yan manya irin su Eton da Harrow. Wadda gwamnati ke ɗaukar nauyinta "state school" ake kiranta. Wanda bai san wannan ba zai iya ɓata kwanaki yana bincike a intanet kan makarantar da kuɗinta na shekara ya fi albashinsa.

Karatu a makarantar gwamnati kyauta ne, kuma doka ta wajabta a ilimantar da kowane yaro daga shekara 5 zuwa 16. Yaron da ya shiga ƙasar tare da iyayensa masu bizar aiki ko ta karatu yana da haƙƙin samun gurbi kamar kowane ɗan ƙasa. Bizar ziyara ce ba ta ba da wannan dama. Haka kuma iyayen da ke zaune a Najeriya ko Nijar suna son tura yaro shi kaɗai, makarantar kuɗi ce kawai za ta iya ɗaukarsa, don bizar ɗalibai ƙanana ba ta aiki a makarantun gwamnati.

Nawa ne kuɗin?

A 2024, matsakaicin kuɗin makarantar kuɗi ta jeka-ka-dawo ya kai kimanin fam 18,000 a shekara ga yaro ɗaya. Ta kwana ta ninka haka har da ɗoriya. Daga ranar 1 ga Janairun 2025 kuma gwamnatin jam'iyyar Labour ƙarƙashin Keir Starmer ta ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin waɗannan makarantu. Wasu sun ɗan rage wa iyaye nauyin, wasu sun ɗora musu shi gaba ɗaya. A Eton, kuɗin shekara ya haura fam 60,000.

A kwatanta da albashi. A 2024, ma'aikaciyar jinya da ta fara aiki a asibitocin gwamnati na NHS tana karɓar kimanin fam 30,000 a shekara kafin a cire haraji. Idan tana da yara biyu, kuma aka ɗora harajin gaba ɗaya a kan fam 18,000, kuɗin makarantarsu kaɗai zai kai fam 43,200. Ba a zo maganar hayar gida, wuta, gas ɗin ɗumama ɗaki, sabunta biza da abin da ake aika wa 'yan uwa a gida ba.

Akwai kuma ƙananan kuɗaɗen da ba a rubuta su a shafin farko: kuɗin rajista, kuɗin ajiya, yunifom da kayan wasanni na musamman, tafiye-tafiyen makaranta da kuɗin jarrabawa. Yawancin makarantun kuɗi suna da sharaɗin cewa mai son cire ɗansa sai ya sanar da su zango guda kafin lokacin, in ba haka ba ya biya kuɗin zangon da yaron bai zauna ba. Wasu suna ba da tallafi ga iyaye masu ƙaramin ƙarfi ko rangwame ga yara masu hazaƙa, amma masu nema sun fi guraben yawa.

Gidan haya ne ke zaɓa wa yaro makaranta

Wannan ne abin da sababbin zuwa suka fi tuntuɓe da shi. Makarantun gwamnati ba ɗaya suke ba, akwai na ƙwarai akwai masu rauni, kuma wadda yaro zai samu ta dogara sosai da inda iyayensa ke zaune. Idan masu neman gurbi suka fi ƙarfin makaranta, akan fara da yaran da ke ƙarƙashin kulawar hukuma, yawanci sai waɗanda ke da wa ko ya a makarantar, sannan a auna nisan gida. A wasu unguwannin Landan, tazarar layi biyu ko uku na iya hana yaro shiga makarantar da yake hangowa daga taga.

Shi ya sa haya ta fi tsada a kusa da makarantu masu suna. Wanda ya sa hannu kan yarjejeniyar haya ta shekara guda don kawai gidan yana da araha ko yana kusa da wurin aiki, ya riga ya zaɓa wa 'ya'yansa makaranta ba tare da ya sani ba. Ƙarin fam 200 ko 300 a wata kan hayar gida a unguwa mai makaranta mai kyau bai kai ko kusa da kuɗin makarantar kuɗi ba.

Aron adireshin ɗan uwa ko aboki kuwa ba dabara ba ce. Ƙananan hukumomi suna neman shaida kamar takardar haya da ta harajin gida, kuma suna da ikon ƙwace gurbin idan suka gano ƙarya aka yi.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin

Shekarar karatu a watan Satumba take farawa. Ana rufe neman gurbin sakandare ranar 31 ga Oktoba, na firamare kuma ranar 15 ga Janairu. Ana fitar da sakamako a farkon Maris ga 'yan sakandare, tsakiyar Afrilu ga 'yan firamare. Iyalin da suka iso bayan haka za su nema ne a tsakiyar shekara, lokacin da makarantun da ake rububi sun riga sun cika.

Dole ne ƙaramar hukuma ta samar wa yaro gurbi, amma ba dole ne ya zama inda iyaye ke so ba. Abin da za su iya yi shi ne su karɓi wanda aka ba su, su sa sunan yaron a jerin masu jira a makarantar da suke so, kuma su ɗaukaka ƙara gaban kwamiti mai zaman kansa. Idan makaranta mafi kusa da ta iya ɗaukar yaro ta wuce mil 2 ga ɗan ƙasa da shekara 8, ko mil 3 ga wanda ya kai, yana da haƙƙin sufuri kyauta.

Wani abin da ke ba iyayenmu mamaki shi ne da shekaru ake ba da aji, ba da ƙoƙari ba. Yaron da aka yi wa tsallaken aji a gida, yana JSS 2 da shekara 10, firamare za a mayar da shi tare da sa'o'insa. Ba raini ba ne, haka tsarin yake.

Inda makarantar kuɗi ke iya amfani

Duk da haka akwai yanayin da biyan kuɗin ke da ma'ana. Na farko shi ne yaron da ya iso yana da shekara 15. Jarrabawar GCSE, wadda ake rubutawa a shekara 16, karatun shekara biyu ce, kuma wanda ya shigo a tsakiya ya rasa rabinsa. Makarantun kuɗi sun fi sauƙin yarda yaro ya koma baya da shekara guda, wasu ma suna da kwas na shekara ɗaya don irin waɗannan ɗalibai. Biyan shekara ɗaya ko biyu a wannan gaɓa ya bambanta da ɗaukar nauyin shekara 13.

Na biyu, iyalin da zamansu na ɗan lokaci ne, kamar ma'aikatan jakadanci ko na kamfanonin da ke biya wa 'ya'yan ma'aikatansu. Na uku, ƙarancin ɗalibai a aji. A makarantun gwamnati aji yakan kai yara 30, yayin da na kuɗi kan yi ƙasa da haka sosai, ga filayen wasa da darussan ƙari.

Amma tsada ba ita ce inganci ba. Akwai ƙananan makarantun kuɗi, har da wasu na addini, da sakamakonsu bai kai na makarantar gwamnatin da ke maƙwabtaka da su ba. Doka ma ba ta tilasta musu ɗaukar malamai masu shaidar koyarwa ba.

Tsakanin biyun akwai hanya ta uku. Ingila na da makarantun gwamnati 163 da ake kira "grammar", waɗanda ke ɗaukar yara ta hanyar jarrabawar da ake yi a shekarar ƙarshe ta firamare. Kyauta ne, sakamakonsu na gogayya da na manyan makarantun kuɗi, sai dai ba ko'ina ake da su ba. Sun fi yawa a wurare irin su Kent, Buckinghamshire, Lincolnshire, Trafford da Birmingham. Iyaye da yawa kan ɗauki mai koyar da lesin shekara guda ko biyu kafin jarrabawar.

Addini da tarbiyya

Ga mafi yawan iyayen Hausawa, wannan ce damuwar da ta fi hana barci. Kusan kashi ɗaya cikin uku na makarantun gwamnati a Ingila suna da alaƙa da addini, mafi yawansu na cocin Ingila da na Katolika, kuma yaran Musulmi da dama suna karatu a cikinsu. Akwai kuma na Musulunci da gwamnati ke ɗaukar nauyi. Makarantar Islamia da Yusuf Islam ya kafa a Landan da Al-Furqan ta Birmingham su ne suka fara samun wannan matsayi a 1998. Makarantar 'yan mata ta Tauheedul da ke Blackburn ta sha zuwa sahun gaba a duk ƙasar wajen ciyar da ɗalibai gaba. Matsalar ita ce irin waɗannan makarantu kaɗan ne, kuma layinsu dogo ne.

A sauran makarantu, dokokin sallah, hijabi da abincin halal sun bambanta daga wannan zuwa waccan. A watan Afrilun 2024 Babbar Kotu a Landan ta yi watsi da ƙarar wata ɗaliba Musulma da ta ƙalubalanci makarantar Michaela da ke Wembley kan hana yin sallah a harabarta. Darasin shi ne a tambaya kafin a cike fom, ba bayan yaro ya fara zuwa ba.

Iyaye suna da ikon cire yaro daga darasin addinai da taron ibada na safe. Suna kuma iya cire shi daga darasin ilimin jima'i har zuwa zango uku kafin ya cika shekara 16. Amma darasin zamantakewa da alaƙar iyali wajibi ne tun 2020, kuma wajibcin ya hau kan makarantun kuɗi ma. Biyan kuɗi ba ya fitar da yaro daga wannan. Abin da iyaye za su iya yi shi ne su nemi ganin abin da za a koyar, domin suna da damar hakan.

Ranar Sallah akan ba yaro izinin zama a gida idan an sanar da makaranta. Amma ɗauke shi a tsakiyar zango don bikin ƙanwa ko ziyarar kaka a Katsina na iya jawo tarar fam 80 ga kowane mahaifi a kan kowane yaro, wadda ke komawa fam 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba.

Kafin a sa hannu

Matambayi ba ya ɓata. Shafin intanet na gwamnati yana nuna sakamakon jarrabawar kowace makaranta, hukumar Ofsted mai duba makarantu kuma tana wallafa rahotanninta kyauta. A karanta rahoton duka, musamman abin da ya ce kan ɗabi'ar ɗalibai, cin zali da tallafin da ake bai wa yaran da Ingilishi ba harshen gidansu ba ne. Shafin ƙaramar hukuma yakan nuna nisan gidan yaro na ƙarshe da makaranta ta ɗauka bara. A kai ziyara lokacin da ake karatu, a tsaya bakin ƙofa lokacin tashi, a yi magana da iyayen da 'ya'yansu ke ciki.

Akwai kuma lissafin da ba a yi da fam. Uban da ya ɗauki aikin dare da na ƙarshen mako don ya biya makarantar kuɗi ya sayi aji mai yara kaɗan, amma ya sayar da lokacin da zai zauna da ɗansa. Karatun Alƙur'ani, gaisuwa, kunya da harshen Hausa ba sa cikin manhajar Eton, ba sa cikin ta makarantar unguwa. A gida da Islamiyyar yamma ko ta Asabar da Lahadi ake samunsu, kuma yaron da aka daina yi wa Hausa a gida, kafin shekara biyu zai fara amsa wa kakarsa a waya da Ingilishi.

Ga yawancin iyalan da suka je da bizar aiki, hanya mafi dacewa ita ce a fara da binciken makaranta, sannan a nemi gida kusa da ita. Abin da ya rage a aljihu a kashe shi kan lesin inda yaro ke da rauni, kan malamin Islamiyya, da tikitin zuwa gida lokacin dogon hutun Yuli da Agusta.